Haɗa Harsashi da Hannu Don Bindigar Farautar Manyan Namun Daji

A shekarar 1905 wani maƙerin bindiga a birnin Berlin mai suna Otto Bock ya fito da harsashin da ake kira 9.3x62. Ya yi shi ne don Jamusawan da suka kafa gonaki a gabashin Afirka da ƙasar da yau ake kira Namibiya, mutanen da ke son bindiga guda mai arha wadda za ta kawo nama gida, ta kuma tsayar da ɓauna idan ta kama. Bayan shekara bakwai, a 1912, kamfanin Holland & Holland na Landan ya fito da .375 H&H. Waɗannan biyu, tare da .35 Whelen da .338 Winchester Magnum na Amurka, su ne maharba ke kira masu matsakaicin baki: sun fi bindigar barewa ƙarfi, ba su kai bindigar giwa nauyi da duka ba. Har gobe ana yawan ganin su a hannun maharba a Afirka ta Kudu da Zimbabuwe da Namibiya, da kuma gandun farautar da ke kewaye da Garwa a arewacin Kamaru, inda baƙi ke zuwa neman gwanki da ɓauna.

Da yawa daga cikin masu irin wannan bindiga ba sa sayen harsashin kanti. Suna sayen kwanso da albarushi da ƙwayar harsashi daban-daban, su haɗa da hannunsu. Dalilin shi ne kowace bindiga da halinta, ko da kamfani ɗaya ya ƙera su a rana ɗaya. Harsashin kanti rigar kasuwa ce, na hannu kuma rigar da tela ya auna ka ya ɗinka. Zan ɗauki 9.3x62 a matsayin misali, amma hanyar ɗaya ce ga sauran.

Kafin komai, doka. A Amurka da Afirka ta Kudu wanda ya mallaki bindiga bisa doka yana iya haɗa harsashin da zai yi amfani da shi. A Jamus sai ya yi kwas, ya ci jarrabawa, an ba shi takardar izinin ajiye albarushi. A Najeriya dokar bindigogi ta 1959 ta sa mallakar bindiga da harsashi a ƙarƙashin lasisi, kuma haɗa harsashi a gida ba ƙofa ce da aka buɗe wa kowa ba. Wannan aiki na mai izini ne, a ƙasar da ta yarda da shi. Sannan albarushin da ake magana a nan ba shi da dangantaka da baƙin albarushin bindigar toka. Na zamani ya ninka shi matsi nesa ba kusa ba, ana auna shi da sikeli ne ba da cokali ko murfi ba, kuma idan aka zuba shi a bindigar toka fasa ta zai yi a fuskar mai ita.

Fara da ƙwayar, ba da gudu ba

Sabon shiga yakan fara da tambayar gudu nawa zai samu. Ni a ganina wannan ita ce tambaya ta ƙarshe. Ta farko ita ce: wace dabba, a wane nisa, kuma wace ƙwaya ce za ta ratsa ta?

Ƙwayar harsashi ita kaɗai ce ke taɓa dabba. Kwanso da albarushi da bindigar kanta duk masu rakiya ne. A 1946 wani Ba'amurke, John Nosler, ya harbi wata ƙatuwar dabbar dawa a Kanada, ƙwayar ta tarwatse a kafaɗarta ba ta shiga ba. Abin ya dame shi har ya ƙera ƙwaya mai shamaki a tsakiya, gabanta ya buɗe, bayanta ya tsaya da nauyinsa ya ci gaba da kutsawa. A 1948 ya fara sayar da ita, ita ce Nosler Partition. Daga baya aka samu waɗanda aka narkar da dalmarsu ta manne da rigar, irin su Swift A-Frame da Norma Oryx da Woodleigh ta Ostareliya, sai kuma na jan ƙarfe zalla irin Barnes TSX. Ga gwanki da kanki da gadu, kowace daga cikinsu ta wadatar. Ga ɓauna kuwa, mai kaurin fata da ƙashin kafaɗa kamar dutse, kada a yi rowa: a ɗauki mafi ƙarfi.

Nauyin ƙwaya da na albarushi ana ƙirga su da giren. Giren ɗaya bai kai kashi bakwai cikin ɗari na giram ba, giren 7,000 ke yin laba guda. Nauyin asali na 9.3x62 shi ne giren 286, wato giram 18.5, yana fita da gudun kusan mita 720 a daƙiƙa. Na .375 H&H giren 300 ne a kusan mita 770. A waɗannan nauye-nauyen ne bindigogin suka yi suna, kuma ban ga dalilin da mafarauci zai guje su ba sai in yana harbi a fili mai nisa, inda giren 250 zai fi miƙewa.

Akwai wani tarko a nan. Dokar Zimbabuwe ta ce wanda zai harbi ɓauna ko giwa ko dorina sai da bindiga mai faɗin baki aƙalla milimita 9.2 da ƙarfin jul 5,300. Faɗin 9.3 ya tsallake, amma giren 286 a mita 720 yana ba da kusan jul 4,800 ne kawai. Kafin ya kai abin da doka ta nema sai gudun ya haura mita 755. Wannan kan sa wasu su yi ta ƙara albarushi don su cika lissafi. Idan littafi bai ba ka wannan gudun da albarushin da ke hannunka ba, amsar ba ƙari ba ce. Ka ɗauki .375.

Kayan aiki da littafi

Kayan ba su da yawa: injin matsawa da ake ɗaure wa a tebur mai ƙarfi, bututan ƙarfe masu zare guda biyu da ake murɗawa a kansa, ɗaya na mayar da kwanso girmansa, ɗaya na zaunar da ƙwaya, sikeli mai karanta kashi ɗaya cikin goma na giren, ma'auni mai muƙamuƙi biyu da ke nuna kashi ɗaya cikin dubu na inci, abin datse bakin kwanso, man shafa kwanso, gilashin kare ido. Sai na'urar auna gudun harsashi, wadda nake sa wa a cikin kayan dole, ba na ƙawa ba.

Abin da ya fi duk waɗannan shi ne littafin awo. Kamfanonin albarushi da na ƙwaya, irin su Vihtavuori da Hodgdon da Nosler da Hornady, da Somchem a Afirka ta Kudu, suna gwada kowane haɗi a bututu mai auna matsi, su buga adadin farawa da adadin ƙarshe. Hukumar CIP ta Turai ta ƙayyade matsin 9.3x62 a bar 3,900, kuma ba ka da wata hanya ta auna wannan a gida. Shi ya sa adadin albarushinka zai fito daga littafi, ba daga bakin aboki ba, ba daga wannan rubutu ba. Ka duba littattafai biyu ko uku, in sun saɓa ka bi mai ƙaramin adadi. Ka kuma tabbata layin da kake karantawa na irin ƙwayarka ne, domin ta jan ƙarfe ta fi mai dalma tsawo a nauyi ɗaya, tana cin wuri a cikin kwanso, matsinta kuma daban.

Albarushi iri-iri ne, wani na ci da sauri, wani a hankali. Kwanson 9.3x62 yana son masu matsakaicin ci, irin su N140 da Varget da Reloder 15. Zaɓi wanda ke cika kwanso kusan zuwa gindin ƙwaya. Kuma a kan tebur, gwangwani ɗaya tak, da sunansa a jiki. Albarushin ƙaramar bindigar hannu yana ci da sauri ƙwarai. In ya shiga kwanson babbar bindiga bisa kuskure, bindigar ta tashi aiki, sau da yawa tare da hannu ko idon mai ita.

Kwanso

Sayi kwanso hamsin ko ɗari na kamfani ɗaya, ɗauri ɗaya. Kaurin tagulla ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani, kuma kwanso mai kauri cikinsa ya fi ƙunci, don haka adadin da ke lafiya a wancan zai iya yin zafi a wannan.

Leƙa cikin kowane tsohon kwanso da tocila. In ka ga rami ɗaya a tsakiyar gindi, irin na Boxer ne, ana sake cika shi cikin sauƙi. In ramuka biyu ne ƙanana a gefe, na Berdan ne, wanda ake yawan samu a tsofaffin harsasan Turai, kuma zai karya maka allurar cire firama. Firama ita ce 'yar ƙaramar hular da ke gindin kwanso, wadda allurar bindiga ke duka ta tayar da wuta.

Harsashin farauta a mayar da kwansonsa girmansa gaba ɗaya, daga wuya har gindi. Masu gasar harbi kan gyara wuya kawai don kwanso ya zauna cif a ɗakin bindiga, amma mai fuskantar ɓauna yana bukatar sakatar bindiga ta rufe ba gardama, ko da ƙura ta shiga. Sai dai kada a wuce gona da iri. A murɗa bututun gyara a hankali har kafaɗar kwanso ta koma baya da kamar kashi biyu cikin dubu na inci, sakata ta rufe da ɗan yatsa. In ana tura kafaɗar da yawa, kwanso zai riƙa miƙewa a kowane harbi har ya tsinke kusa da gindi. .375 H&H ya fi kowa wannan ciwo saboda siririn jikinsa da ɗamarar da ke gindinsa. Hanyar ganewa: lanƙwasa bakin siririyar waya, ka zura cikin kwanso, ka ja ta a bango. In ta maƙale a wani kwari sama kaɗan da gindi, ko ka ga zobe mai ƙyalli a waje daidai wurin, murƙushe kwanson ka jefar.

Auna tsawon kowane ɗaya. Na 9.3x62 kada ya wuce milimita 62. Wanda ya yi tsawo bakinsa zai cushe a maƙogwaron bututu ya riƙe ƙwaya, matsi ya tashi ba gaira ba dalili. Datse, ka kankare bakin ciki da waje, ka goge mai tas. Sa firama da gilashi a ido, ta zauna ƙasa kaɗan da gindin kwanso. Shafa da yatsa, in ta turo waje ba ta zauna ba.

Hawa tsani

Nan ne ainihin aikin yake. Fara daga adadin farawa da littafi ya bayar. In adadin ƙarshe kawai aka buga, rage kashi goma cikin ɗari. Kada kuma ka sauka ƙasa da na farawa da sunan taka-tsantsan, don albarushi kaɗan a babban kwanso yana da nasa haɗarin. Daga nan ka hau mataki-mataki, kamar rabin giren zuwa giren ɗaya a kowane mataki, harsashi uku a kowanne, matakan su ƙanƙanta yayin da kake kusantar sama. Auna kowane zubi da sikeli. Jera kwanson a allo, ka haska tocila ka ga albarushi a kowanne, tsayinsa ɗaya, kafin ka ɗora ƙwaya. Rubuta adadin a jikin kwanso da alƙalamin da ba ya gogewa.

Zurfin zaman ƙwaya a bar shi yadda littafi ya ce a wannan zagaye. Abubuwa biyu ke iyakance shi: dole harsashi ya shiga gidan harsashi da 'yar rata, kuma kada ƙwaya ta taɓa tsagin cikin bututu. Cikakken tsawon 9.3x62 bai wuce milimita 83.6 ba. Ƙwayoyin jan ƙarfe sun fi son tazara. Barnes na ba da shawarar a fara da kashi hamsin cikin dubu na inci daga tsagin. Ƙwayar da ta cije a tsagi tana ɗaga matsi, kuma ranar da ka buɗe sakata ba ka harba ba, za ta iya zama a bututu, albarushi ya zube cikin bindiga a tsakiyar daji.

A filin gwaji, fara da mafi ƙanƙanta. Bayan kowane harbi ka kula da hannunka a kan sakata. Ta ɗagu da sauƙi kamar kullum, ko sai da ka ɗan yi ƙarfi? Ɗauki kwanson ka juya gindinsa a rana. Tagullar da matsi ya yi wa yawa tana kwarara cikin ramin da ke fuskar sakata, sai ka ga ɗan tabo mai sheƙi a kan rubutun gindi, wani lokaci da ƙarzuwa inda sakata ta murza shi. Dubi firama: gefenta na nan a zagaye, ko ta baje ta cika ramin? Akwai baƙin hayaƙi a kewayenta? Kowace daga cikin waɗannan ta bayyana, ka tsaya. Sauran harsasan da ke sama da wannan mataki a kai su gida a warware.

Amma kada ka jira alamun nan su zama mai gadinka. Sau da yawa ba sa fitowa sai matsi ya riga ya wuce iyaka da nisa. Na'urar auna gudu ta fi su gaskiya, domin gudu ba ya zuwa kyauta, matsi ne ke haifar da shi. In littafi ya ce adadin ƙarshe na ba da wani gudu a bututu mai tsawon naka, kai kuma ka kai wannan gudun tun kana giren biyu ƙasa, to ka iso ƙarshenka. Bindigarka ta faɗa maka iyakarta, littafi kuma bai san ta ba.

In ka ja kunama ka ji ƙara ta yi rauni, ko dukan kafaɗa bai zo ba, kada ka ɗora wani. Cire sakata ka leƙa bututu. Ƙwaya na iya maƙalewa a ciki.

Waɗannan bindigogi suna duka. Bayan harbi goma sha biyar a kan benci kafaɗa kan fara tsoro, mutum ya riƙa runtse ido kafin ƙara, sai ya ɗora wa albarushi laifin da nasa ne. Sa matashi a kafaɗa, toshe kunne da kyau, bar bututu ya huce tsakanin harbi, ka raba gwajin kwana biyu ko uku. Sannu ba ta hana zuwa.

Abin da kake nema a allon bara ba huda uku da suka haɗe wuri guda ba ne. Wannan kan faru da sa'a. Nemi matakai biyu ko uku a jere da hudarsu ke faɗawa wuri ɗaya, gudunsu kuma ba ya tsalle. Ɗauki na tsakiya, ka haɗa goma, ka sake gwadawa wata rana. In duka goman sun taru cikin santimita huɗu ko biyar a nisan mita 100, ka gama. Huhu da zuciyar gwanki sun ninka haka faɗi sau da yawa, kuma yawancin harbin daji bai kai mita 150 ba. In tarin bai gamsar ba, sai a taɓa zurfin ƙwaya kaɗan-kaɗan, ana ƙara nutsar da ita, abu ɗaya ake canjawa a lokaci guda.

Zafin rana

Wannan ya shafi Afirka fiye da ko'ina. Albarushi yana ƙara matsi idan ya yi zafi. Turawan Ingila sun koyi haka tun zamanin albarushin kodayit, har suka riƙa yin haɗi na musamman mai ragi don ƙasashen zafi, kuma shi ya sa .416 Rigby na 1911 ke da ƙaton kwanso da sassauƙan matsi. Haɗin da aka gwada da sanyin safiya a Turai zai iya ƙin buɗe sakata a kwarin Zambezi a watan Oktoba, ko a dajin Binuwai a watan Maris, inda zafi ke haura digiri 40, harsashi kuma ya wuni a gaban mota. Albarushin zamani irin Varget ya fi jure wannan, amma ba a dogara da shi kacokan. Gwada haɗinka da tsakar rana mafi zafi, kuma ka zauna aƙalla giren ɗaya ƙasa da inda bindigarka ta nuna iyaka. Mita goma sha biyar na gudu da ka bari, ɓauna ba za ta san da su ba. Sakatar da ta cije bayan harbin farko kuwa, ita da kai duk za ku sani.

Wanda zai bi dabba mai haɗari yakan so ƙwaya iri biyu: mai buɗewa a harbin farko, da sandararriya wadda ba ta buɗewa don bin baya. Kowace a hau mata tsaninta daban, sannan a daidaita su har su faɗi wuri ɗaya a mita 50 zuwa 100. A matse bakin kwanso a cikin tsagin da ke jikin ƙwaya, domin dukan bindiga yana buga harsasan da ke gidan harsashi da bangon gaba, ƙwaya ta nutse ciki. Gwajinsa mai sauƙi ne: auna harsashi ɗaya, bar shi a ƙasan gida, yi harbi shida a kansa, ka sake aunawa.

Bayan an tsayar da haɗi, sauka daga benci. Harba a kan sandunan jingina da ake amfani da su a daji, da tsaye, da durƙuso. Kula da inda harbin farko na bututu mai sanyi ke faɗawa, don shi ne zai sami dabba. Gwada a mita 50 da 150 da 200 ka ga faɗuwar da idonka, kada ka dogara da jadawali.

Harsasan tafiya a haɗa su da kwanson da aka harba sau ɗaya. Kowane ɗaya a bi da shi ta cikin bindiga a filin gwaji, baki na kallon tudun kariya, daga gidan harsashi zuwa ɗaki zuwa waje. Wanda ya yi gardama a ware shi. Rubutun gindin kwanso ya dace da na jikin bindiga, domin ana iya yin kwanson 9.3x62 daga na .30-06, amma jami'in kwastan abin da ke rubuce zai karanta. Jiragen sama ba sa ɗaukar fiye da kilo 5 na harsashi ga mutum ɗaya, a cikin akwatin da ya raba su ɗaya-ɗaya. A jikin akwatin rubuta ƙwaya da nauyinta, albarushi da lambar ɗaurinsa, adadi, firama, tsawo, gudu da kwanan wata, ka kwafe su a littafinka. Ranar da gwangwanin ya ƙare ka sayo sabo mai wata lambar ɗauri, ko ka canja firama ko kwanso, rage adadin da kashi biyar cikin ɗari ka sake hawa da na'urar auna gudu har ka dawo gudunka na da.